Burtalin da Baba Ya Bari

Shagari,
21 ga Nuwamba, 1983.

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta goya ka a bayanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hadiza da yaran. Allah ya tsare ku daga sharrin Ikko da na motocinta, ya ba ku lafiyar jiki da kwanciyar rai, ya buɗa maka ƙofar da ta fi wadda aka rufe. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, mu kuma ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Mu nan muna lafiya, sai godiya. Inna tana can gida Danchadi, gwiwar ce dai ta matsa mata, yanzu a zaune take salla, amma baki da cin tuwo ba abin da ya same su. Yaya Mijinyawa da iyalinsa suna lafiya. Matarsa Tani ta sauka wancan watan, an sami mace, an sa mata Rahamatu, kuma hancin nan namu ta kwaso, babu yadda za a yi da ita. Maigidana, baban su Ladi, yana nan da kekensa na ɗinki, sai dai yanzu faci ya fi sabon ɗinki yawa, kowa tsohuwar rigarsa yake lallaɓawa. Damina kuwa ta yi mana rowa. Gero ya fid da kai, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido, abin da muka ɗaure bai kai rabin na bara ba. Sabulu da madara da shinkafa sai a layi, layin ma sai kana da wanda ya san ka. Mutanen wasu garuruwa suna zaton tunda sunan garin nan ba ya barin bakin rediyo, mu shinkafa muke tuƙawa safe da yamma. Su zo su leƙa tukunyata su gani.

Takardarka ta iso hannuna, na karanta ta har na kusa haddacewa. Wallahi na yi kuka a wurin da ka ce kamfaninku ya rufe saboda babu kayan aiki daga waje, an sallame ku gaba ɗaya, kuma mai gidan haya ya fara yi maka sallama tun kafin ka gama lazimin safe. Na san halinka, ba ka iya roƙo ba, tun kana yaro gara ka kwana da yunwa da ka ce a ƙara maka. Don haka kada ka ɗauka abin da zan faɗa a ƙasa maganar wadda ba ta san halin da kake ciki ba ce. Na sani, kuma yana cin raina. Amma tausayinka daban, maganar fadamar Baba daban, kuma a kan fadamar nan ni da kai ba mu shirya ba.

Bari in fara da kalmar da ka dasa min a tsakiyar takarda. Hausa kake ta zubawa tiryan-tiryan, sai kwatsam ga Turanci guda ɗaya, har da ja masa layi a ƙasa. Ka ce abin da nake karewa impalpable ne. Ga ta nan na kwafe ta harafi bayan harafi, in na yi kuskure ka gyara da jan biro. Ka san a aji huɗu aka cire ni daga makarantar Bodinga, don haka na ɗauki takardar na kai wa maƙwabcinmu Malam Ummaru, hedimasta. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa, sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙamus mai kauri kamar matashin kai. Da ya samo ta ya yi dariya, ya ce kalmar nan ko Turawan ma ba kullum suke fita da ita ba, sai ranar ado. Ya ce tana nufin abin da hannu ba ya iya taɓawa, ido ba ya gani, ba a jin nauyinsa ko kaushinsa, ba ka iya cewa ga shi nan. Na ce masa na gode, na ƙaru. To kai ma na gode, Maniru. Kuɗin makarantar da Baba ya sayar da albasa ya biya bai faɗi ƙasa banza ba, tunda ga shi har ka iya gaya wa yayarka magana da kalmar da sai an ɗauko ƙamus.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ban musa ba. Kalmarka ta yi daidai. Alkawarin da Baba ya yi wa Isa Bafulatani ba a taɓa shi da hannu, ba a rubuta shi ba, babu tambarin kowa a kansa. Inda muka rabu da kai shi ne, kai kana ganin tunda ba a taɓa shi to babu shi, ni kuwa ina ganin don ba a taɓa shi ne ya fi komai buƙatar mai tsaya masa. Gona tana da iyaka, ko mu duka mun mutu ciyawar jemar da Baba ya shuka tana nan tana nuna inda ta tsaya. Alkawari ba shi da jema. In mu uku muka yi shiru shekara ɗaya, shi ke nan ya tafi, kuma ba wanda zai iya nuna inda yake a da.

Kana ƙarami lokacin da aka yi shi, don haka bari in tuna maka, ni da idona na gani. Shekarar da mutane suka fara noman albasa gadan-gadan a fadamar Danchadi, kowa ya kewaye tasa da ƙaya har bakin tabki, shanun Fulani suka rasa ta inda za su sauka su sha ruwa. Aka yi ta faɗa, har an fasa wa wani kai. Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baba ya kama hannun Isa, wanda rugarsu take kan tudu ta yamma da gari, ya ja shi har fadamarmu. Ya tsaga ta tsakiya da ƙafarsa tun daga aduwar nan har bakin ruwa, faɗin da shanu biyu za su jera, ya ce wannan burtali ne, hanyar shanun Isa ce da ta duk wanda ya biyo bayansa, muddin akwai ɗansa ko jikansa a doron ƙasa. Suka shafa fatiha. Wurin da ya fi ko'ina taki ya bayar, har Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa maganar kirki ba. Tun daga ranar, kowace shekara in an yanke shinkafar damina, Baba da hannunsa yake janye ƙayar da ke bakin burtalin, ba ya aiken kowa. Isa yana tsaye da sandarsa, su gaisa, su yi addu'a, sannan shanu su sauka. Ranar da Baba ya kwanta ciwon ajali ma, da ya ji an yanke shinkafa, tambayar da ya yi ke nan, an janye ƙaya? Bayan rasuwarsa Yaya ya ci gaba da yi a matsayinsa na babba, shekara uku ke nan, sai bana.

Ka rubuta cewa Alhaji Ɗanliti, ɗan kwangilar nan na Bodinga, yana son fadamar gaba ɗayanta, ya zagaye ta da waya ya kafa injin ban ruwa, kuma ba zai saya da hanyar shanu a tsakiyarta ba. Ka ce a zamanin Baba burtalin yana da amfani, don shanu suna bar mana taki, matan ruga suna kawo nono da man shanu, amma yanzu annobar bushiya ta share garken Isa, abin da ya rage ba su cika goma ba, don haka babu abin da muke samu. Duk gaskiya ne. Na ga ramin da aka binne shanun, na ga Isa, mutumin da a da sai ka ɗaga kai ka dube shi, ya rame ya rankwafa kamar wanda ya shekara a kwance. Amma ka sake karanta maganarka da kyau, ƙanena. Abin da ka ce shi ne, mu riƙe alkawari lokacin da yake kawo nono, mu sake shi ranar da mai shi ya faɗi. In haka ne, ashe ba alkawari Baba ya yi ba, ciniki ya yi, kuma ni na san ubana ba ɗan kasuwa ba ne. 'Yan shanun nan da suka tsira su ne duk abin da Isa ya mallaka a duniya. In aka rufe burtali, sai ya zagaya da su ta wajen Dingyadi kafin su ga ruwa, kuma a yadda ƙafafunsu suke rawa ba duka za su kai damina ba.

Yanzu ga abin da ya faru, gara ka ji daga bakina kafin 'yan kai rahoto su ƙara masa gishiri. Wata mai tallar nono ce ta gaya min a kasuwar nan cewa an yanke shinkafa tuntuni amma ƙaya tana nan a bakin burtali, shanun Isa suna zuwa su tsaya su yi ta kuka, a kora su su koma. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Na nemi izini wurin baban su Ladi, ya dube ni ya ce in ya hana ni ma ba zai sami zaman lafiya a gidansa ba, in tafi. Washegari da safe na hau a-kori-kura zuwa Bodinga, daga nan na sami mai kai ni Danchadi. Ban shiga gida ba, fadama na wuce da mayafina da takalmin zuwa unguwa. Na tarar ba ƙayar damina kaɗai ba ce, an ƙara sabuwa a kai, ɗanya shar, an danne da itace. Na ajiye jakata a gindin aduwa, na yi bisimilla, na fara ja. Babu adda, babu sanda, da hannu na yi. Masu dashen albasa suka bar aikinsu suka tsaya kallo, wani ya ce Safinatu ta haukace, wani ya ce wannan aikin babban gida ne, ba na mace ba. Na ce musu babban gidan yana barci, in ya farka ya zo ya karɓa. Ba wanda ya taya ni, ban kuma nemi a taya ni ba. Kafin azahar hanya ta buɗe. Har yanzu da nake rubutun nan tafin hannuna bai gama warkewa ba, shi ya sa ka ga layukan suna karkacewa.

Yaya ya iso a fusace, hularsa a hannu. Ya ce na ci masa mutunci a gaban gari, na nuna shi ba namiji ba ne. Ya ce kai ka wakilta shi a takarda ya sayar, shi ma rumbunsa bai cika ba, ga jaririya, ga haraji, me nake so ya yi? Na ce ina so ya yi abin da ya yi bara da bara waccan. Na tambaye shi ko da ya ƙara ƙayar nan ya iya duban wajen maƙabarta. Ka san Yaya, mutumin kirki ne, amma wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurinsa, kuma Alhaji ya fi ni yawan zuwa zaurensa. Muka koma gida muna cacar baki. Inna tana zaune a kan tabarma tana jan carbi. Ta dai kira Tani ta ce ta kawo man kaɗanya, ta kama hannuna tana cire min ƙaya da allura ɗaya bayan ɗaya. Na yi zaton za ta yi min faɗa. Abin da ta ce kawai shi ne, wata rana in zo da safar hannu.

Abin da ya fi ƙona min rai ya zo ne da yamma, kuma ba daga Alhaji ba. Isa ne ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce a kira ni da Yaya. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsuguna a ƙasa. Ya ce ya ji saboda shi 'ya'yan Malam Husaini suna faɗa, ya ji kuma ƙaramin yana cikin wahala a Kudu, shi ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Ya ce ya yafe, ya sauke mana alkawarin, a sayar, shi zai san yadda zai yi da 'yan dabbobinsa. Yana magana yana kallon ƙasa. Na ga fuskar Yaya ta washe, ya sami mafita. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya rasa komai shi ne ya zo yana ba mu sadaka. Na ce masa, Baffa, ka yi haƙuri, ba ka da ikon yafe wannan. Baba bai ce Isa kaɗai ba, cewa ya yi da duk wanda ya biyo bayanka, kuma ba a gabanka kaɗai ya faɗa ba, ya ɗaga hannu ya shafa fatiha. In kana iya yafe naka, ba ka iya yafe na jikokinka, kuma ni ban ji Wanda aka yi fatihar dominsa ya aiko cewa ya sauke mana ba. Tsohon ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Ya daɗe a haka, sannan ya tashi ya tafi ko sallama bai iya yi ba.

Alhaji Ɗanliti kuma ya zo da kansa kwana biyu bayan haka, da motarsa mai sanyi a ciki. Ba zan yi masa ƙarya ba, da ladabi ya yi magana, har da Hajiya yake kira na, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ya ce zai gina wa Fulani kwami a kan tudu, ya riƙa tura musu ruwa da injinsa. Na tambaye shi ranar da babu mai fa, ko injin ya lalace, tunda yanzu ko fitilar ƙwai sai an sha wuya ake samun kananzir ɗinta? Ya ce Allah ba zai kawo ranar ba. Na ce Allah ya riga ya kawo ta, muna cikinta. Ya ce to in faɗi abin da nake so a ƙara min ni kaɗai, ba sai kowa ya ji ba. Nan ne na ji jinina ya hau. Na ce ya je ya tambayi duk Danchadi ko an taɓa jin 'yar Malam Husaini tana da farashi. Ya shiga motarsa ya ja ƙofa da ƙarfi.

Da na ga in na koma Shagari za a mai da ƙaya kafin in sauka daga mota, sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na je wurin liman na ce ina son a raba gadon fadama. Ka san tun rasuwar Baba ba wanda ya tayar da maganar, don muna ganin abin kunya ne, tare ake nomawa a raba amfani. Ni na tayar, kuma na ji abin da mata suka ce a kaina a bakin rijiya. Aka taru a fadamar, liman da mai gari da dattawa, Yaya yana tsaye a madadin kansa da kai. Aka auna da igiya, aka fid da tumunin Inna, aka ce ku maza kashi bibbiyu, ni kashi ɗaya. Da aka tambaye ni ta ina nake so, na ce burtali, daga aduwa har bakin ruwa. Liman ya ce rabona ya fi burtalin girma nesa ba kusa ba, kuma wuri ne da ba zan shuka ko ƙwayar albasa ɗaya ba, na fahimta? Na ce na fahimta, abin da ya ragu na bar wa Maniru. Yaya ya fara cewa shi wakili ne, sai ya rubuto maka tukuna. Sai muka ji muryar Inna. Ashe ta sa an ɗauko ta a kan jaki, ita da ko masai sai an riƙe ta. Ta ce tumuninta a auna mata shi a gefen burtali, dama da hagu, don kada wata rana wani ya ce shanu sun taɓa masa shuka. Ta ce shekarar da Malam ya ba da wurin nan ta yi fushi da shi, kuma ba ta so ta je ta same shi da wani sabon fushin, nasa a wannan karo. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda, a madadinsa da madadinka. Aka shafa fatiha. Da muka juyo na lura tafiyarsa ta fi ta zuwa sauƙi, ko da yake har yau bai yi min magana ba.

To ga inda maganar ta tsaya. Alhaji ya janye, ya ce ba zai sayi gona biyu da kashin shanu a tsakani ba. Kuɗin da ka sa rai da su ba za su zo ba, kuma ni ce sanadi. Da sanina na yi, idona biyu, na san ranar da takardar nan za ta same ka mai gidan haya yana iya kasancewa a bakin ƙofa. Wannan yana hana ni sukuni, Maniru, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba zan ba ka haƙuri ba, don in aka mai da ni ranar, ƙayar nan zan sake ja. Ka ce 'ya'yanka ba za su ci abin da ba a taɓawa ba. Gaskiya ne, ba za su ci ba. Sai dai akwai ranar da ɗanka Abu zai girma ya zo Danchadi, a tambaye shi ɗan wane ne, kuma abin da zai biyo bayan amsarsa a fuskar mutane shi ma ba a taɓa shi da hannu. Ni na fi so ya tarar da shi yadda muka tarar.

Ban bar ka haka ba. Na ba direban da ke kai albasa Ikko buhun gero ɗaya da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, zai sauke a wurin mutanenmu na kasuwar albasa, ka je ka karɓa da sunan baban su Ladi. Daga rumbunmu ne, kuma da yardarsa. Sannan rabonka yanzu ya fi na kowa girma, yana ɓangaren da ya fi kusa da ruwa. Na sayar da tunkiyata na sayi irin albasa, an yafa, ya fito kore shar, nan da 'yan makonni zai isa dashe. Ba ni da ƙarfin dasa shi, Yaya kuma nasa ya ishe shi. In ka ga dama ka sayar wa wani maƙwabci da zai yarda da burtali, haƙƙinka ne, ba zan ce komai ba. In kuma ka ga dama ka kwaso Hadiza da yaran ku zo ku yi rani a gida, ɗakin Baba yana nan, an sake masa yaɓe. Hannun da ya riƙe biro ba ya manta fartanya, zai dai yi kanta mako biyu ya saba. Ba faɗuwa ba ce mutum ya dawo gidansu. Rabin samarin da suka tafi Kudu da kai sun dawo, ba wanda ya yi musu dariya, don mai dariyar ma da kyar yake samun na koko.

Ka gaishe min da Hadiza, ka ce mata na gode da atamfar da ta aiko wa Inna da salla, kuma kada ta shiga tsakaninmu, faɗan 'yan ɗaki ɗaya ne. Ka shafa min kan Abu da Asabe, ka ce Gwaggonsu ta ajiye musu ƙuli-ƙuli. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla a kan lokaci, kuma ka daina dogon tunani. Tani tana gaisuwa. Yaya bai ba ni saƙo ba, amma na san yana gaishe ka. Baban su Ladi da Ladi da ƙannenta duk suna gaisuwa, haka ma Malam Ummaru. Allah ya yaye mana wannan tsanani, ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mai gari ya gaya min kana da ikon ƙin yarda da rabon, tunda wakilcin sayarwa ka ba Yaya, ba na rabo ba, kuma in ka kai ƙara gaban alƙali a Bodinga za a saurare ka. Na ga ya kamata ka sani, kada ka ce na ɓoye maka hanya. In ka zaɓi haka, zan zo in tsaya in faɗi abin da na faɗa a nan, ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Abu ɗaya kawai nake roƙo. Kada ka sauka gidan kowa sai gidana. Abincinka da ruwan wankanka suna wuyana har a gama shari'ar, kuma mota ɗaya za mu riƙa shiga zuwa kotun.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Safinatu Husaini.